Huka da ƙiba: labarin wata ƴar kasuwa a Yamai da ba mu taɓa ɗora ta kan ma'auni ba

Cikin watan Disamba aka kawo ta, wajen ƙarfe biyu na dare, a taksi, babban ɗanta yana riƙe da ita. Ni ce ke aikin dare a gidan likita na unguwarmu, nan Yamai. Tun daga bakin ƙofa na jiyo kukan ƙirjinta, siririn fito kamar iskar hunturu na kurɗawa ta kafar taga. Ba ta iya haɗa kalma uku sai ta tsaya ta jawo numfashi. Ta dafa gwiwoyi, kafaɗu na hawa suna sauka, zufa na karyo mata duk da sanyin da ake yi.

Ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Zuwanta na huɗu ke nan cikin wata uku, kuma kowane zuwa abu guda muke yi: mu sa mata takunkumin hayaƙin salbutamol, mu yi mata allura, ƙirji ya buɗe, mu rubuta ƙwayoyi, ta yi godiya ta tafi. Zan kira ta Hajiya, yadda ake kiranta a kasuwa. Ta yarda in ba da labarinta muddin ban kama sunanta ba.

Da ta samu barci a daren nan sai na zauna da littafin asibitinta ina buɗawa. Rubutun shekara shida ne, hannuwa daban-daban, har da nawa. Asma, asma, asma. An rubuta zafin jiki, an rubuta awon jini, an rubuta magani. Babu shafi ko guda da aka rubuta nauyinta. Ma'auninmu yana can ɗakin awon ciki, na masu juna biyu ne da jarirai, ba wanda ya taɓa tunanin mai huka tana da hurɗa da shi. Wannan sakacinmu ne, kuma ina cikin waɗanda suka yi shi.

Da gari ya waye na ja ta zuwa ɗakin. Kilo 92. Tsayi mita 1 da santimita 60. Shekarunta 44.

Akwai lissafin da ake yi a ko'ina cikin duniya don a san ko nauyin mutum ya dace da tsayinsa: a ninka tsayi da kansa, a raba nauyi da abin da ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuma an shiga ƙiba. Na Hajiya ya ba da kusan 36.

Na tambaye ta tun yaushe jikinta yake haka. Ta yi murmushi ta ce, "Ɗiyata, da kin gan ni ranar da aka kawo ni garin nan, da kin ce sillen kara ne aka ɗaura wa zane."

Ƴar Adar ce, daga wani ƙauye kusa da Tawa. Ta tashi cikin daka da surfe da jan guga, ga noma da damana, ga tafiyar itace. Tana yarinya takan yi tari da kukan ƙirji in hunturu ya kama, huka kamar yadda mutanen can ke cewa, amma abin ya bar ta tun kafin a yi mata aure. Aure ne ya kawo ta Yamai tana da shekara ashirin da ƴan kai. Dangin miji suka sa ta gaba da maganar rama, wai mutane za su ce ɗansu ba ya ciyar da ita. Wata maƙwabciya ta nuna mata ƙwayoyin ƙiba da masu tallar magani ke yawo da su. Ta sha, ta yi kumatu, aka daina magana. Haihuwa biyar ta biyo baya, kowace ta bar mata nata rabon. Sannan ta samu rumfa a kasuwa tana sayar da atamfa da leshi, tun safe har yamma a kan kujera guda, zuwa da komowa a taksi. Bayan haihuwa ta huɗu hukar ta dawo, kuma wannan karon ba ta jira hunturu.

Wannan hanya da ta biyo, ta mata da yawa ce a birnin nan. Birni ya ɗauke musu turmi da guga, ya ba su injin niƙa da famfo, abin da ba wanda zai ƙi. Amma cimar ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, kuma ta canja kama: shinkafa mai mai, taliya, burodi da mayonez, lemun kwalba. Iskar kuma ta lalace. Ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana rufe mu tun daga Nuwamba har wajen Fabrairu, ga jar ƙasar hanyoyin unguwa, ga hayaƙin tsofaffin motoci da babura, ga bola da leda da ake ƙonawa da magariba. A cikin ɗaki kuma gawayi da turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi. Ɗakin Hajiya, in ji ɗanta, ba ya kwana ba a turara shi ba.

Cewa ƙiba da asma suna tafiya tare ba sabon zance ba ne wajen masu bincike. A 1999 aka fitar da sakamakon bin diddigin ma'aikatan jinya mata fiye da 85,000 a Amurka, aka ga waɗanda lissafinsu ya kai 30 sun kusa ninka sirara sau uku wajen kamuwa da asma da girmansu. A 2007 wasu suka haɗa bincike bakwai da suka shafi mutum fiye da 330,000, suka samu mai ƙiba ya kusa ninka mai matsakaicin jiki a haɗarin kamuwa. Kuma ba kamuwa kaɗai ba: mai ƙiba ya fi yawan tashin ciwo, ya fi yawan kwanciya asibiti, maganinsa ya fi wuyar kamawa.

Yadda na bayyana wa Hajiya dalilin shi ne da zugazugin maƙera, tunda ta san maƙera tun a gida kuma tana ganin na kasuwar Katako a nan Yamai. Na ce ta ɗauka an aza buhun gero a kan zugazugi. Zai hura, amma ba zai buɗe ya cika ba. Kitsen ciki yana tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, kitsen ƙirji yana danne haƙarƙari, sai huhu ya riƙa aiki a takure, numfashi gajere-gajere. Ƙananan hanyoyin iska na cikin huhu kuwa, buɗewar huhun ce ke ja musu baki su tsaya a buɗe. In huhu bai cika ba sai su tsuke, wasu a can ƙasa su rufe gaba ɗaya, balle in mutum ya kwanta rigingine. To mai asma dama hanyoyinsa a kumbure suke, masu saurin fushi. Shi ya sa dare ya fi yi mata tsanani, shi ya sa ta shekara uku tana barci a jingine da matasai uku.

Bayan nauyin da ke danne ƙirji, shi kansa kitse ba ajiya ba ce kawai da ke zaune shiru. Yana sakin sinadarai cikin jini, irin su leptin, masu rura kumburi a jiki, kuma wannan na cikin dalilan da ake ganin maganin shaƙa na rigakafi ba ya yi wa masu ƙiba aiki kamar yadda yake yi wa sirara. Sai kuma abokan tafiya guda biyu. Na farko ƙwarnafi: tumbi ya matse, ruwan ciki mai tsami ya hauro maƙogwaro da dare ya tayar da tari. Na biyu minshari mai ɗauke numfashi cikin barci. Hajiya tana da duka biyun. Ɗanta ya ce wani lokaci sai minsharin ya tsaya cak, har ya leƙa ya ga ko lafiya.

Akwai tambayoyi huɗu da ƙungiyar GINA, wadda aka kafa a 1993 don fitar da ƙa'idojin kula da asma a duniya, ta ce a yi wa mai ciwon game da mako huɗu da suka wuce: ko alamun suna zuwa da rana fiye da sau biyu a mako, ko suna tashinsa daga barci, ko yana neman maganin gaggawa fiye da sau biyu a mako, ko ciwon ya hana shi wani aiki. Hajiya ta amsa e ga duka huɗun. Na ba ta ɗan bututun da ake hurawa a auna ƙarfin fitar iska, ta hura 210. Bayan ta shaƙi salbutamol da minti goma sha biyar ta hura 270. Wannan tashin ya tabbatar mini asma ce ta gaske, domin ba kowane haki na mai ƙiba ne asma ba. Akwai waɗanda nauyi ne kawai ke sa su haki, ko zuciya ce ta gaza, a yi ta ba su abin shaƙa a banza.

Daga nan na ce ta nuna mini duk abin da take sha. Ta fiddo shuɗin abin shaƙa, Ventoline, wato salbutamol, wanda ke ɗauke da fesa 200, ta ce ba ya kai mata wata. Ƙa'idar GINA ta ce wanda ke ƙarar da uku a shekara ma yana cikin haɗarin mummunan tashin ciwo, kuma tun 2019 ta daina yarda a bar mai asma da shuɗin shi kaɗai, domin buɗe hanya yake yi na ƴan sa'o'i, ba ya taɓa kumburin da ke ƙasa. Na ce ta shaƙa in gani. Ta buɗe baki, ta fesa sau biyu a jere kamar mai fesa turare, farin hayaƙin ya fito ta gefen leɓe ya bi iska, sannan ta ja numfashi. Rabin kuɗinta a iska yake tafiya.

Sai ta kwance bakin gyalenta ta fiddo wani ƙullin leda. Ƙananan fararen ƙwayoyi ne, da guntun takardarsu a ciki. Na karanta: dexamethasone.

"Wannan shi ne mai taimakona," ta ce. "In na sha biyu da dare ƙirjin sai ya kwanta."

Su ne ƙwayoyin ƙibar da ta sha tana amarya. Ta lura tun tuni suna kwantar mata da huka, sai ta koma musu, da farko jefi-jefi, daga baya kullum, fiye da shekara. Gaskiya ta faɗa, suna kwantarwa, domin dangin cortisone ne, maganin kumburi mai ƙarfi da mu ma muke bayarwa na ƴan kwanaki in ciwo ya tashi. Amma shan su kullum yana buɗe ciki da yunwa, yana tara kitse a tumbi da fuska da doron wuya, yana cinye naman cinya, yana tayar da sukari da hawan jini, yana rarake ƙashi. Na sake dubanta da wannan idon: fuska zagaye kamar faifai, fatar hannu ta yi laushi tana saurin ɓarewa, ƙafafu ba su kai girman gangar jiki ba. Awon sukarinta ya hau, jininta ma haka.

A nan ne na ga da'irar ta rufe. Huka na hana ta motsi, rashin motsi na ƙara nauyi, nauyi na ƙara huka, huka na kai ta ga ƙwaya, ƙwaya na ƙara nauyi. Mu kuma duk zuwanta sai mu ƙara mata allurar dangin maganin nan ba mu tambaya ba. Abin yana ci mini rai har yanzu. Ƙwayar nan da ƴan canjin da ke bakin zane ake sayenta a kan tire, ba takarda ba tambaya, amma abin shaƙa na rigakafi sai an je farmasi, wani lokaci a zaga uku ba a samu ba, in an samu kuɗinsa ya kai na cefane. Wanda zai ga laifin Hajiya ya fara duba wannan.

Abu na farko da na gaya mata shi ne kada ta yar da ƙwayoyin a ranar. Wannan yana da muhimmanci ga duk mai karatu da ke da irin wannan a gida. Jiki yana da wasu ƴan ƙullutai a saman ƙoda masu yin nasa cortisone, in an daɗe ana ba shi na waje sai su yi barci. Wanda ya tsaya farat ɗaya zai iya faɗuwa, jini ya sauka, har a rasa rai. Na rubuta mata takarda zuwa wajen likitan huhu a babban asibiti. Shi ya tsara mata ragewa kaɗan-kaɗan, abin da ya ɗauki kusan wata uku, ya kuma ɗora ta kan beclometasone, maganin shaƙa na rigakafi, safe da dare, ko tana jin ciwo ko ba ta ji.

Ta yi turjiya. Ta ce ta ji ana cewa wanda ya saba da abin shaƙa ba ya rabuwa da shi, kuma ai shi ma cortisone ne. Na ce, "Inna, ƙwayar nan jikinki duka take zagayawa. Wannan kuwa ɗan kaɗan ne, kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake. Ki kurkure baki bayan kin shaƙa, shi ke nan." Na ɗauko robar ruwa ta rabin lita, na huda gindinta daidai bakin abin shaƙa, na cusa, na liƙe gefen. A fesa sau ɗaya cikin robar, a kama bakinta da leɓe, a ja numfashi a hankali sau huɗu ko biyar. Ba dabarata ba ce, likitocin yara a Cape Town na Afirka ta Kudu sun gwada ta tun 1999 suka ga tana aiki kamar bututun da ake sayarwa. Hajiya ta juya robar a hannunta, ta gwada, a karon farko hayaƙin bai tsere ba.

Maganar nauyi ban taɓo ta sosai ba sai bayan wata biyu, da gangan. Ba a ce wa wanda ba ya iya numfashi ya tashi ya yi tafiya. A Fabrairu ta hura 300, tashin dare ya koma sau ɗaya a mako, amma nauyi 91, kuma daga bakin titi zuwa rumfarta sai ta huta sau biyu. A nan na ce mata ba so nake ta koma sillen kara ba. Bincike ya nuna rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi ya isa a ga sauƙin asma, nata ke nan kilo biyar zuwa tara.

Muka zauna muka ƙirga cimarta ta yini guda. Da safe burodi da mayonez da shayi mai madara, sukari cokali uku. Hantsi fanke. Azahar shinkafa da miya, mai na kwance a sama. Lemun kwalba biyu saboda zafin rumfa, kowace ƙaramar kwalba da sukari kusan giram 35. La'asar fura da sukari. Tuwo ko taliya ƙarfe goma na dare, daga nan sai shimfiɗa. Ban hana ta tuwo ba, ban kawo mata wani abincin da ba a san shi a gidanta ba. Lemu ya koma na ranar Juma'a. Sukarin shayi ya koma cokali guda, fura ba sukari. Ludayin mai ya ragu a tukunya. Dambu da zogale, wanda ta ce abincin ƙauye ne ta baro shi, ya dawo sau uku a mako. Abincin dare ya dawo bayan magariba saboda ƙwarnafi. Tafiya kuma minti goma cikin tsakar gida da farko, tunda ƙura ba ta sauka ba, daga baya da zafi ya shigo ta koma fita bayan sallar asuba tare da wata maƙwabciyarta, har suka kai rabin awa. Turaren wuta aka koma yin sa da rana, taga a buɗe, ita tana kasuwa.

Inda aka sha wuya ba a tukunya ba ne, a bakin mutane ne. Da ta sauke kilo huɗu fuskar ta faɗa, sai tambaya ta fara: "Hajiya, lafiya kuwa? Kin rame." Wata ta tambaye ta ko Alhaji zai ƙara aure ne. Wata ta ja ta gefe ta ce ta je a auna jininta. A garin nan jiki shaida ce ta cewa ana jin daɗin aure kuma kasuwa na ci, mace mai sayar da leshi in ta rame har masu saye sai sun yi zargin karaya. Ta zo mini da hawaye ta ce za ta bari. Na roƙi ta zo da maigidan. Ya zo, dattijo mai kunya, ya zauna bakin kujera. Na ce, "Alhaji, sau nawa ka nemo taksi da tsakar dare bara?" Ya yi shiru, ya ce ya daina ƙirgawa. Na ce bana fa? Ya ce tun sanyi bai nema ba. Shi da kansa ya ce daga ranar a rage mai a tukunyar gidan gaba ɗaya, kada a ware ta. A ganina wannan zaman ya yi aikin da ya kai na magani.

Azumi bai kawo cikas ga abin shaƙa ba, tunda sau biyu ne, ɗaya da sahur ɗaya bayan shan ruwa. Nauyin dai ya tsaya cik a watan, ƙosai da kunu sun karɓi nasu. Zuwa Agusta ma'auni ya nuna 85, ta hura 340, cikin tambayoyi huɗun nan ba ta amsa e ga ko ɗaya ba. Shuɗin da ta saya tun Afrilu bai ƙare ba. Matasai sun koma ɗaya. Sukari ya sauka, hawan jini yana nan ana ba ta maganinsa.

In aka tambaye ni wanne ya yi aikin, zan ce kowanne da lokacinsa. Sauƙin farko, na barcin dare, na abin shaƙa na rigakafi ne da robar nan, domin ya zo tun nauyi bai motsa ba. Sauƙi na biyu, na tafiya ba haki da sujada ba tare da ƙirji ya toshe ba, ya biyo saukar nauyi ne taki-taki. Wani ɓangare na kilo bakwai ɗin kuma barin dexamethasone ne ya sauke shi. Da mun ce mata ta rage ƙiba kawai muka bar ta da shuɗi da ƙwaya, da ba ta kai ko'ina ba. Da kuma mun ba ta magani muka ƙyale ma'auni, da ta tsaya inda take a Fabrairu.

A Oktoba ta aurar da ɗiyarta, aka yi mako biyu ana buki. Makon jiya ta zo, hazo ya fara sauka, gabas ta yi fari. Ma'aunin yanzu yana bakin ƙofar ɗakin duba marasa lafiya, mun ɗauko shi daga ɗakin awon ciki. Ba ta jira na ce ba, ta tuɓe takalmi ta hau. 87.

"Biyun nan na buki ne, ɗiyata," ta ce. "Ki rubuta, amma ba za su kwana da yawa ba."

Na rubuta. Na duba robar, ta tsage a gindi, na yi mata sabuwa. Na ce ɗanta ya nemo beclometasone na gaba tun wannan bai ƙare ba, na sa mata ranar dawowa tsakiyar Disamba, lokacin da ƙura ta fi kauri.